Yini Guda a Tsibiri: Daga Moshi Zongo Zuwa Dodi

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Moshi Zongo, iyayenmu maza da mata, malamanmu, magajiyoyi, da samarin da na san yanzu haka butar ataya tana kan gawayi, rediyo yana gefe. Muna gaida na Sabonjida da Aboabo da Zogbeli da Lamashegu, da duk inda muryarmu ta kai.

Yau maganar ruwa za mu yi, wato yadda mutum zai hau jirgin ruwan shaƙatawa, a sauke shi a wani ɗan tsibiri ya yini, ya dawo gida lafiya, bai cuci kowa ba, ba a kuma cuce shi ba. Na san wani zai ce, mu da muke Tamale, inda da rani ko ruwan famfo sai an yi da gaske, ina mu ina jirgin ruwa? To Alhaji, ka yi haƙuri ka saurara. Duk bayan Salla sai ka ga ƙungiyoyin samari da na 'yan makaranta sun haɗa kuɗi, sun ɗauki bas, sun nufi kudu yawon buɗe ido, kuma Akosombo na cikin wuraren da ake yawan ambata. Wasu daga cikin 'ya'yanmu kuma a manyan jiragen teku suke neman abinci, masu dafa abinci ne, ko masu gyaran ɗakuna, ko masu aikin inji. Sannan ruwan da za mu yi magana a kai ba shi da nisa da mu yadda ake zato. Ka hau hanyar Kumasi, kafin awa guda ka isa gadar Yapei, to nan ne bakin tafkin Volta ta arewa.

Bari mu fara da manyan, sannan mu dawo gida. Akwai jiragen ruwa da ba kaya suke ɗauka ba, ba kuma kai mutane wani gari suke yi ba. Yawo kawai. Mutum ya biya kuɗin mako guda ko biyu, a ba shi ɗaki, a ciyar da shi, jirgi ya kwana yana tafiya, gari na wayewa ya tsaya a wata tasha, fasinjoji su sauka su yini, kafin faɗuwar rana kowa ya dawo a ɗaga. Wannan harka ta fi ƙarfi a tekun Karibiyan kusa da Amurka, sai kuma Bahar Rum. Ɗaya daga cikin mafi girmansu, mai suna Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, tsawonsa mita 365, idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Waɗanda ke zuwa yankinmu ba su kai haka ba. Sukan tsaya a Takoradi ko Tema, a zuba baƙi a motoci a kai su su ga tsoffin gidajen bayi na Elmina da Cape Coast, daga nan jirgi ya wuce Lome da Kwatano, wasu su miƙe har tsibirin Sao Tome.

Ana cewa yini guda, amma idan ka yi lissafi ba yini ba ne. Mu ɗauka jirgi ya iso ƙarfe 8 na safe, zai tashi ƙarfe 5 na yamma. Abin da aka saba shi ne kowa ya kasance a ciki rabin awa kafin tashi. Ƙananan tsibirai da yawa ba su da tasha mai zurfin da babban jirgi zai matso, sai ya tsaya can cikin ruwa, a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage, wani lokaci ma jiragen ceton da ke rataye a jikinsa ake saukewa a yi wannan aiki. A nan akwai layin tafiya, akwai layin dawowa, kuma na ƙarshen waɗannan ƙananan jirage yakan baro tsibiri tun kafin lokacin. Idan ka cire wannan duka, abin da ya rage maka bai wuce awa 5 ko 6 ba. Ranar da teku ta tashi kuwa, kyaftin yana da ikon ya ce ba mai sauka, a wuce. Ba a yi masa gardama, kuma daidai ne.

Jirgi ba lorin tashar Aboabo ba ne da za ka leƙo ka ce wa direba, Malam dakata in sayo koko. Lokaci na cika yake ɗagawa. Yakan jira waɗanda suka fita a motocin da shi kamfanin jirgin ya shirya, idan hanya ta riƙe su. Amma kai da ka ɗauki tasi da kanka ka yi gaba, in ka makara sai dai ka tarar da wakilin jirgi a tasha, in ka yi sa'a an bar masa fasfonka, sannan ka nemi kuɗin jirgin sama daga aljihunka ka bi su tasha ta gaba. Abin da ke yawan kayar da mutane kuwa shi ne agogo. Lome lokacinsu ɗaya da namu, Kwatano sun riga mu da awa guda, Sao Tome daidai da mu, tsibiran Kef Bad kuma muna gabansu da awa guda. Wayar hannu tana sauya lokaci da kanta da zarar ta kama layin ƙasar da ka shiga, shi kuwa jirgi yana da lokacin da yake bi, wanda ba lalle ya yi daidai da na gari ba. Saboda haka kafin ka taka ƙasa ka tambayi ma'aikaci, ƙarfe nawa ne yanzu a agogonku, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, ka rubuta a takarda.

To mu dawo namu na gida, wanda talaka zai iya kaiwa da adashin wata biyu ko uku. A Akosombo akwai jirgin shaƙatawa da ake kira Dodi Princess, a ƙarƙashin otal ɗin hukumar kogin Volta. Na farkon gobara ta cinye shi a 2012, daga baya aka kawo na biyu. Yakan tashi da hantsi a ƙarshen mako da ranakun hutu, da makaɗa da abincin rana a ciki, ya bi tsakanin duwatsu har tsibirin Dodi, a sauka a ɗan zaga, a juyo kafin almuru. Tafiyar da dawowar su ke cinye mafi yawan yinin, tsayuwar tsibiri gajeriya ce. Daga Tamale kuwa tafiya ce ta kwana a mota, ko ka bi ta Kumasi, ko ka bi hanyar gabas ta Yendi da Bimbila da Nkwanta da Hohoe ka haye gadar Adomi a Atimpoku, inda mata za su tare ku da abolo da soyayyun ƙananan kifi. Wanda ya yi irin wannan tafiya bai kamata ya isa bakin ruwa ya tarar ba a tashi ranar ba. Shugaban tafiya ya buga waya tun kafin a karɓi kuɗin mutane, ya sake bugawa ana gobe za a tashi.

Yanzu ga abin da nake so mu daɗe a kansa, domin galibin masu hawa jirgin nan rawa suke yi da ɗaukar hoto, ba wanda ya gaya musu abin da suke wucewa ta kansa. Ruwan nan ba haka Allah ya shimfiɗa shi tun fil azal ba. An fara gina madatsar Akosombo a 1961, aka gama a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966, wata guda kafin sojoji su kifar da shi. Babban dalilin ginin shi ne wutar lantarki, musamman don masana'antar narka gorar ruwa ta Valco da ke Tema. Da aka tare kogin sai ruwa ya yi ta taruwa a baya har ya rufe murabba'in kilomita kusan 8,500, ya zama ɗaya daga cikin tafkuna mafi faɗi da ɗan Adam ya taɓa yi a duniya. Mutum kusan 80,000 aka tayar daga ƙauyuka wajen 700, aka tattara su a sabbin matsugunai 52. Gonaki, kasuwanni, makabartu, wuraren ibada, duk suna ƙasa. Tsibiran da kake gani a tafkin kawunan tuddai ne da ruwa bai kai ga rufewa ba.

Mu mutanen zango muna da namu a cikin abin da ruwan ya ci. Dattawanmu sun san sunan Kete Krachi. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake Hausawa da yawa sun kwashe kasuwancinsu na goro da shanu sun koma Kete, garin ya cika ya batse. Cikin waɗanda suka koma har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya zama limamin Kete Krachi, ya rubuta waƙoƙi da tarihi da Larabci da Hausar ajami, ya koyar da almajiran da suka bazu zanguna da dama na ƙasar nan, ya rasu a 1934. Tsohon garin da ya yi zamaninsa a ciki ruwa ya rufe mafi yawansa, sabon gari aka gina a kan tudu. Gaskiya ne Kete Krachi yana can arewa nesa da inda jirgin Dodi yake kaiwa, amma ruwa ɗaya ne. Malamin da ya ɗauki yara tun daga Moshi Zongo har Akosombo bai gaya musu wannan ba, ni a ganina ya kai su rawa ne kawai, kuma rawa ana yi a Tamale ba sai an ƙona mai ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yini guda a tsibiri ga wanda jirgin ruwa ya sauke.

Jirgi ya tsaya, an jefa katako, an fara sauka. Abu na farko da ya kamata mutum ya tuna shi ne wurin nan gidan wasu ne. Kai ka zo hutu, su kuwa ranar aikinsu ce. Mutanen Dodi masunta ne da manoma, kuma zuwan jirgi shi ne ranar kasuwarsu, shi ya sa za ka ga an tare ku da ganga da rawa, yara sun jeru. Ka duba yadda kuɗin yake tafiya. Kuɗin tikiti na jirgi ne, abincin da ka ci na jirgi ne, lemon da ka sha na jirgi ne. Abin da ke sauka a tsibiri shi ne ɗan abin da ka ciro daga aljihunka a can. Haka yake a Dodi, haka yake a manyan tsibiran duniya, har ma ya fi muni, domin wasu kamfanonin a Karibiyan sun karɓi hayar tsibirai sukutum, baƙo ya sauka ya kashe kuɗi ya koma, kuɗin bai fita daga hannun kamfani ba. Ga kuma yawan jama'a. Tsibirin Pirinsipe, ƙanen Sao Tome, gaba ɗaya mutanensa ba su kai 10,000 ba, wato jirgi guda irin wancan da na ambata yana iya ɗaukar kusan yawan mutanen tsibirin. Irinsa ba ya zuwa can, amma ka san dalilin da ya sa wasu garuruwa suka fara ƙorafi. Birnin Benis na Italiya ya hana manyan jirage shiga tsakiyarsa tun 2021.

Kakanninmu fatake sun fi mu sanin ladabin sauka. A Salaga baƙo ba ya shiga kasuwa kai tsaye, sai ya sauka wurin mai masauki, shi zai gabatar da shi, shi zai tsaya masa a ciniki. Wannan tarbiyya ba ta tsufa ba. Ka sauka tsibiri, ka fara da gaisuwa. Ko ba ka jin yarensu, ɗaga hannu da sakin fuska sun isa. In akwai dattijo a wurin, shugaban tafiya ya je ya durƙusa ya gaishe shi a madadin kowa, minti 2 ne.

Sai maganar hoto, wadda ta zama annoba. Mu nan mun san yadda muke ji idan baƙo ya sauko daga motar masu zuwa Mole ko Larabanga ya ɗora kyamara a kan mace tana tuƙa tuwo bai ce uffan ba. To me ya sa mu kuma da mun haye ruwa sai mu ɗauki ɗan wani da yagaggiyar riga mu sa a Facebook da TikTok? A nemi izini. In an ce a'a, a mayar da waya aljihu. Yaro kuwa ba shi da izinin bayarwa, na iyayensa ne.

Haka kuma watsa wa yara kuɗi ko alewa su yi wawaso kuna dariya. Wannan ba sadaka ba ce. Yaron da ya ga cewa ranar zuwan jirgi yana samun abin da ubansa bai samu a komarsa ba, bakin ruwa zai fi so a kan aji. In ƙungiya tana da niyyar alheri, a haɗa tun daga gida, littattafai ne, sabulu ne, a damƙa wa dattawan gari a gaban jama'a. In kuma ciniki ne, a yi ciniki na mutunci. Hajiya, na san ki da iya taya kaya, duk Aboabo an shaida miki. Amma matar da ta ƙyafe kifinta tun jiya tana jiran jirgi guda a mako, kada ki matse ta a kan sidi 5 don kin ga ba ta da wani mai saye. Ki tafi da canji a hannu kuma, domin ba ko'ina layin waya yake kamawa ba balle a ce za a tura kuɗin ta waya, wato Momo. Ledar ruwa da robar lemo da kuka sauka da su, ku koma jirgi da su. Ba motar shara da ke zuwa tsibiri.

Ga wanda Allah ya buɗa wa ya hau na teku, ko ɗanmu ma'aikaci da aka ba hutun 'yan awoyi ya sauka, shawarata ita ce ka zaɓi abu guda ka gan shi da kyau. Kwaɗayin ganin komai shi ke sa a rasa jirgi. A Sao Tome, alal misali, kowa yana son ya je ɗan tsibirin Rolas ya tsaya a kan layin da ya raba duniya biyu ya ɗauki hoto. Amma Rolas yana can ƙarshen kudu, awa 2 ko fiye a mota, sannan a shiga kwalekwale, sannan a dawo. Ga mai awa 6 wannan caca ce. Alhali kusa da birni akwai tsoffin gandayen koko na Turawan Fotugal, kuma ɗan Gana yana da abin koyo a can. A farkon ƙarni na 20 tsibirin Sao Tome yana sahun gaba a duniya wajen noman koko, da gumin mutanen da aka kwaso daga Angola suna aikin da bai bambanta da bauta ba, har a 1909 kamfanin Cadbury na Ingila ya daina sayen kokonsu. Ina kasuwar ta karkata? Nan ƙasar tamu, inda Tetteh Quarshie ya dasa irin da ya kawo daga wani tsibirin maƙwabcinsu, Fernando Po, a Mampong ta Akwapem. Ka yi awa 2 a gandu guda da mai yi maka bayani ɗan gari, ka fi wanda ya yini a mota. Ka sani kuma harshen mutanen Sao Tome Fotugis ne, kuɗinsu dobra, sidi ba ya saya maka ko ayaba. Ka gama maganar kuɗin tasi, zuwa da dawowa, kafin ka shiga, kuma kada ka biya duka sai an dawo da kai. A Dakar ma abu guda ya ishe ka, jirgin fito na minti 20 zai kai ka Gore, tsibirin da ba mota a cikinsa, inda gidan bayi yake. Wanda ya taɓa ganin rijiyoyin bayi na Salaga ya kamata ya ga irin inda hanyar take ƙarewa.

Yanzu maganar rai. Mu 'yan tudu ne, mafi yawanmu ba mu iya iyo ba, kuma ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a miƙo maka rigar ceto ka ce za ta ɓata maka hoto ko ta yamutsa maka shadda. Lokacin da aka tare ruwan Volta ba a sare dazuzzuka ba, itatuwa suna nan a tsaye a ƙarƙashi, kuma kututturansu sun sha fasa kwalekwale. Ga lodin wuce kima, ga iskar da ke tasowa farat ɗaya a farkon damina. A watan Janairun 2023 yara 'yan makaranta 8 suka nutse a tafkin nan a gundumar Sene ta Gabas, a hanyarsu ta zuwa makaranta. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Babban jirgin Dodi ba shi ne abin tsoro ba sosai, matuƙansa sun san hanyar da suke bi. Inda ake samun matsala shi ne bayan an sauka, wani mai ƙaramin kwalekwale ya ce wa samari ku zo in zaga da ku, su afka su goma a abin da aka yi don mutum biyar. Ba rigar ceto, ba shiga. Wannan doka ce da shugaban tafiya zai faɗa tun a cikin bas, kuma a kan wannan ko ɗan Sarkin Zango ne ba a ɗaga masa ƙafa. Su ma manyan na teku ba su fi ƙarfin haɗari ba. A Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya matsa kusa da wani ɗan tsibiri a Italiya ya daki dutse, mutum 32 suka mutu. Tun daga nan aka tsananta cewa sai an koya wa fasinja inda zai taru da yadda zai sa rigar ceto kafin a bar tasha. In ana wannan bayani ka ajiye waya ka saurara.

Akwai kuma haɗarin da ba ya ihu, wato tsargiya. Bayan cikar tafkin, ciyayin bakin ruwa suka yawaita, ƙananan dodon koɗi da ke ɗauke da ƙwayar cutar suka samu gida, fitsarin jini ya yaɗu a ƙauyukan gaɓa. Ba sai ka sha ruwan ba, tsutsar tana ratsa fata ne yayin da kake tsaye a ciki. Yaro ya naɗe wando ya shiga iya gwiwa na minti kaɗan, ya dawo Tamale lafiya lau, sai bayan makonni a ga zazzaɓi ko jini a fitsari, uwa ta rasa daga ina. Iyayena mata, in haka ta faru kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada kuma a ce alamar balaga ce kamar yadda wasu ke faɗa. A je asibiti, a gaya wa likita cewa yaron ya shiga ruwan Volta. Akwai maganinta, praziquantel, kuma yana aiki. Amma rashin shiga ya fi.

Wannan ya kawo mu maganar salla, domin alwala ce ke kai mutanenmu bakin ruwa. Ka yi alwalarka a cikin jirgi, ko ka riƙe ruwan leda biyu da 'yar butarka. Azahar za ta same ku a kan ruwa ko a tsibiri, watakila har La'asar. Daga ƙasar nan alƙibla gabas take, a ɗan karkata arewa, kuma jirgi yana juyawa, saboda haka wanda zai iya jira a sauka ya shimfiɗa dardumarsa a ƙasa ya fi samun natsuwa, amma ya nemi izinin masu wurin, kada ya je ya tsaya a kan wurin da suke girmamawa bai sani ba. Nisan Tamale zuwa Akosombo ya ninka nisan ƙasaru sau da yawa. Batun haɗa salla biyu kuwa, malamai suna da bayani kan tafiyar tudu da ta ruwa, ni ba zan ba da fatawa a rediyo ba, kowa ya tambayi malaminsa kafin ranar tafiya. Abinci ma ka tambaya, ba laifi ba ne ka ce naman mene ne wannan. Kifi yana nan a wadace, ya raba gardama. Kuma in faɗa muku gaskiya tun yanzu, a irin waɗannan jirage akwai kiɗa mai ƙarfi, ana kuma sayar da giya. Wanda zai kai iyali ko almajirai ya san da haka tun daga gida, ya yanke shawararsa, kada ya je tsakiyar ruwa ya tayar da rigima da mutanen da suka biya kuɗinsu kamar yadda ya biya.

Ga abin da za ka riƙe: hula ko malafa, ruwan sha, takalmin da ba ya santsi, maganin da kake sha kullum in kana da hawan jini ko ciwon sukari, da katin Gana a cikin leda. Mai saurin jiri ya zauna ƙasa a tsakiyar jirgi, ya riƙa duban nesa. Rana a kan ruwa tana ƙuna fiye da yadda iska ke sa ka ji.

Kalma guda ga samarinmu masu sha'awar aiki a jiragen teku, tunda maganar ta zo. Aikin yana nan, ana kuma koyon sa, akwai jami'ar koyon aikin teku a Nungua ta Akara, akwai kuma hukumar kula da sufurin ruwa ta ƙasa da ke ba da takardun ma'aikatan jirgi. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp ya ce ka tura kuɗi ya saya maka gurbi, ka je ka bincika a hukumar kafin ka sayar da babur ɗinka.

Shugabannin ƙungiyoyi da malaman makaranta, nauyin yana kanku. Ku rubuta sunan kowa da lambar wani nasa a gida. Ku ƙirga mutane a bakin jirgi lokacin hawa, ku ƙirga lokacin sauka a tsibiri, ku sake ƙirgawa kafin a janye katako, da suna, ba da ido ba. Kowane babba a ba shi yaran da zai riƙe. Ku sa wa jama'arku lokacin dawowa da ya riga na jirgi da minti 20, kuma da an busa ƙahon farko kowa ya bar cinikin da yake yi. Iyaye kuma, kafin ku ba yaro kuɗin tafiya, ku kira shugaban ku tambaye shi manya nawa ne za su raka su, da kuma ko akwai rigar ceto daidai yara. In ya yi ta kame-kame, yaron ya zauna gida, wata shekarar ya je.

Lokaci ya cim mana. Wanda ya taɓa zuwa Dodi, ko ya haye fito daga Makango zuwa Yeji, ko dattijon da ya san tsohon Kete Krachi kafin ruwa ya zo, muna roƙonsa ya kira mu a shiri na gaba ya ba matasa labari da bakinsa.